Janaretan Mama Saratu

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna cewa gyaran janareta ai wanke filogi ne kawai da hura kabureta, ba zan yi musu da ku ba. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na sauka Abuja ina tallan rake a baro, kafin wani ɗan garinmu ya kai ni Apo wurin Oga Sule. Sunana Haladu, amma a Karshi in ba ka ce Haladu Mai Inji ba, babu wanda zai nuna maka ni.

Aikin farko da Oga Sule ya ba ni shi ne wanke ƙarafa a cikin yankakken galan da fetur. Wata da watanni bai bar ni na riƙe sifana ba. Da ya ga hannuna ya tsattsage kuma ban gudu ba, sai ya fara koya mini da kunne. Zai tayar da inji, ya ce in juya masa baya in faɗi abin da ke damunsa. In na ce filogi ne alhali ringi ne ya cinye, sai in ji ranƙwashi a ƙeya. Da haka na san tarin injin da mai ya yi wa yawa, na san kukan wanda kwayil ɗinsa ke shirin ƙonewa. Ranar da ya sallame ni, ya ba ni sifana mai lamba goma, da filaya, da sukudireba guda. Filayar tana nan har yau, ga ta can a cikin tire.

Da na buɗe rumfa a bayan kasuwar Karshi, masu aski ne suka fara zuwa, sai masu cajin waya, sai masu shaguna. Abin da ba ku sani ba shi ne, duk injin da ya ratsa hannunka ka san shi kamar fuskar mutum. Ka san wanda mai shi ke tsula masa baƙin mai marar kyau, ka san wanda ake ɗaura wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Kana kuma shiga gidajen mutane, kana ganin abin da ba a kira ka ka gani ba. A sana'ar nan, abin da ka gani a gidan mutum, can kake barinsa.

Akwai wani ɗan ƙaramin jan janareta, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, na wata mai shagon kayan masarufi, Mama Saratu. Shekaru ina gyara shi. Mariƙinsa ya taɓa karyewa, na ɗaure da waya na naɗe da robar tayar babur. Hannun igiyar ja ma ya fashe, na sassaƙa masa wani da icen gwaiba. Ko cikin injina ɗari aka jefa shi zan tsamo shi.

Mijinta, Baba Yohana, manomi ne ɗan ƙasa, kuma gonarsa tana iyaka da ta Malam Tanko a hanyar Orozo. Ɗaya coci yake zuwa, ɗaya masallaci, amma wannan bai taɓa haɗa su faɗa ba, don kakanninsu ma 'yan uwa ne. Abin da ya haɗa su shi ne ranar da masu gina rukunin gidaje suka zo neman fili. Nan iyaka ta zama magana. Aka cire turaku, aka fasa wa wani kai, aka tafi kotu. Gidajen biyu suka daina ko gaisawa.

A cikin wannan hali ne Sadik, ɗan Malam Tanko, mai saka tayil, da Godiya, 'yar Baba Yohana, wadda ke ɗinki a layin teloli, suka je kotu suka ɗaura aure ba da sanin iyayensu maza ba. Ba yara ba ne, kowannensu yana ci da kansa. Malam Tanko ya ce kada Sadik ya sake taka masa ƙofar gida. Bitrus, yayan Godiya, ya shiga yawo da abokansa a kan babura, yana cewa duk inda ya ga Sadik sai ya sare masa ƙafa. Ma'auratan suka ɓace. Gari ya ce sun gudu Lafiya, wasu suka ce Kaduna.

Wata rana da azahar, cikin zafin bazara, ina kwance kabureta sai na ji an kira ni ta bayan rumfa. Sadik ne, ya jawo hula ta rufe masa goshi, da buhun shinkafa a hannu. Ya buɗe buhun. Ina ganin icen gwaiba na gane.

Na ce, "Wannan ai injin Mama ne."

Ya ce, "Oga Haladu, don Allah ka rufa mana asiri. Ita ta ba mu. Ko Baba Yohana bai sani ba, ta ce masa ya lalace ne."

"To me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ƙara ce ta yi yawa. Muna nan kusa, a wani kango da nake saka wa tayil a bayan Orozo. In muka tayar da shi, duk unguwa za a san da mutum a gidan."

Aiki ne da muke yi kullum. Na ɗauko tsohuwar salansar babur, na kai wa mai walda ya haɗa mini da bututun hayaƙin, na ɗaure. Da na ja igiya, injin ya koma yana gurnani ƙasa-ƙasa. Sadik ya yi murmushi ya ce yanzu madam za ta samu barci, don gidan ba ya shan iska, fanka kawai suke nema.

Na ce masa, "A waje za ka ajiye shi, nesa da taga."

Ya ce, "A waje kuma? Ko ɓarayi su ɗauke, ko Bitrus ya ji."

Na ce, "To ku kwana da zafi. Inji ba ya kwana ɗaki da mutum."

Ya ce ya ji, zai sa shi a bayan gida ya rufe da kwano. Ya mayar da shi cikin buhu ya hau acaɓa.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, da iska. Washegari da hantsi ina share taɓo a gaban rumfa, motar 'yan sanda ta tsaya. Wani ofisa ya tambaya ko ni ne Haladu Mai Inji, don an ga Sadik ya fito daga wurina da buhu. Ya ce in hau.

Kangon yana can ƙarshen layi, bayansa gonar rogo. Mai gidan ya toshe tagogin da bulo saboda ɓarayin ƙarfe, ƙofa ɗaya ce kawai ta shiga. Birkila ne ya zo aiki da safe ya buga bai ji motsi ba, ya ɓalle ta. Kafin mu isa an cika wurin. Ofisan ya ja ni ciki ya ce in duba injin in gaya masa abin da na gani.

Injin yana cikin ɗan ɗakin da za a yi banɗaki, a kan yankin katifa don kada ya yi girgiza. An rufo ƙofar banɗakin, an cusa zani a ƙasanta. Makunnin yana kunne, tanki ya bushe ƙaf, wato babu wanda ya kashe shi, shi ya ci mansa ya mutu. Waya ta bi ta saman ƙofa zuwa fanka, fankar tana fuskantar katifa. A kan katifar Sadik da Godiya suke su biyu, an lulluɓe su da zanen gado. Ga tukunya da sauran shinkafa a gefe, ga keken ɗinkin Godiya da rigar wani a ƙarƙashin allura.

Na ce wa ofisan, "Hayaƙi ne. Ba wanda ido ke gani ba. Akwai wani a cikinsa da ba shi da launi, ba shi da wari. Zani ba ya tare shi."

Ya ce, "Wannan salansar fa, aikin wa ne?"

Na ce, "Aikina ne."

Ya ce, "To ka zama namu."

Muna fitowa, wani ɗan sanda yana riƙe da injin ta mariƙin nan na roba, sai ga mutanen gidan Baba Yohana sun iso. Mama Saratu tana cikinsu, mata biyu suna riƙe da ita. Ta kalli injin, ta kalle ni. Sauran ba su kula da injin ba. Bitrus kuwa ya yo kaina da adda, sai da 'yan sanda suka harba bindiga sama kafin aka tura ni cikin mota.

A ofishin 'yan sanda tambaya ɗaya suka yi ta maimaitawa: injin wa ne? Amsa ɗaya na yi ta bayarwa: Sadik ne ya kawo mini shi. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara ko kalma ba. Na san zafin zuciyar Baba Yohana, na ga addar Bitrus da idona. In aka ji cewa matar gidan ta san maɓoyarsu tun farko har ta ba su kaya, ban san abin da zai same ta ba. Likita ya duba gawarwakin ya ce hayaƙin inji ne, babu guba, babu rauni. Aka binne Sadik a maƙabartar Musulmi, aka binne Godiya a ta coci. Shugaban ƙungiyarmu ta masu gyara ya tsaya mini aka ba da belina. Na dawo na tarar an rushe rumfata, an watsar da injinan mutane a cikin kwata.

Maganar likita ba ta kashe wutar ba, sai ma ta sauya mata hanya. Kowa ya yarda hayaƙi ne. Abin da ya rage shi ne wa za a ɗora wa. Da mai unguwa ya ga matasan gidajen biyu sun fara kwana da makamai, sai ya kira zama a zaurensa, ya aiko a zo da ni.

Zauren ya cika, waje ya fi cika. Malam Tanko da mutanensa a dama, Baba Yohana da nasa a hagu, mata a baya kusa da ƙofa. Ni aka zaunar da ni a ƙasa, a tsakiya.

Bitrus ne ya fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba hatsari ba ne, filan ne, shirya shi aka yi. Mutanen Tanko ne suka ba da injin, suka biya wannan mutumin ya toshe masa baki don hayaƙi ya taru. Sun kashe ƙanwa na don su rama maganar gona."

Malam Tanko ya ce, "In kashe ɗana da hannuna don in rama gona?"

Bitrus ya ce, "Ba kai ka ce ba ɗanka ba ne? Duk Karshi an ji."

Malam Tanko ya ce, "Na faɗa. Amma wa ya bi su da adda unguwa-unguwa? Da ba don tsoronka ba, me zai sa mutum ya shigar da inji ɗaki?"

Baba Yohana ya ce, "Yaron ka ne namiji. Shi ya ɗauki yarinya na ya kai shi kango kamar akuya. Shi ya ɗauki inji ya sa a ciki."

Malam Tanko ya ce, "Wa ya gani? Ƙofar da zanen 'yarka aka toshe ta."

Daga nan magana ta warwatse. Wani ya ce laifin mai kango ne da ya toshe tagogi. Wani ya ce ruwan sama ne ya tilasta musu. Wani dattijo ya ce laifin masu sayen filaye ne da suka raba zumunci. Wani ya ce da akwai wutar lantarki da ba a yi wannan zama ba. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya juyo gare ni.

"Haladu, mace za ta iya ɗaukar injin nan ita kaɗai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da hannu ɗaya ma. Namiji ma haka."

"Salansar da ka sa, tana ƙara hayaƙi?"

"Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Ƙara kawai take ragewa."

"To saura ɗaya. Malam Tanko ya ce ɗansa bai taɓa mallakar janareta ba. Bitrus ya ce daga gidan Malam Tanko ya fito. Kai ne ka san injinan garin nan. Tsakaninka da Allah, ka san mai shi?"

Da ya ce tsakanina da Allah, hanya ta ƙare. Na ce, "Na sani."

"Faɗa."

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Bitrus ya yi tsalle ya shaƙe wuyan rigata ya ɗaga ni tsaye. Na waje suka danno ƙofa, na ji wani yana ihu a kawo taya, wani yana cewa a fito da shi. Mutanen Malam Tanko ma suka miƙe, don a ganinsu shirun da na yi ya tabbatar da ƙaryar da ake yi musu. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa shi kaɗai ne, yana ta kiran waya. Mai unguwa yana buga sandarsa a ƙasa, ba mai jinsa. Rigar ta matse mini maƙogwaro har na daina ganin fuskoki sosai.

Sai wata murya ta ce daga baya, "Bitrus, sake shi."

Mama Saratu ce. Ta ratso maza ta zo tsakiya, ba ko ɗankwali a kanta.

Ta ce, "Inji na ne. Ni ne na ba su."

Bitrus bai sake ni ba, amma hannunsa ya yi sanyi.

Baba Yohana ya ce, "Saratu, me kike faɗa? Ba kin ce ya lalace ba?"

"Ƙarya na yi. Na san inda suke tun ranar farko. Ni ne nake kai musu abinci. Na je na ga Godiya duk jikinta ƙuraje saboda zafi, na ce ku ɗauki inji ku sa fanka. Haladu bai toshe komai ba. Mutanen Tanko ba su ba da komai ba. In mutum kuke nema ku ƙona, ga ni." Ta juya ta kalli mijinta, ta kalli Malam Tanko, ta kalli ɗanta. "Amma kafin ku kawo tayar, wani a cikinku ya gaya mini me ya sa yarinya na tana da gidan uba, tana da gidan suruki, take kwana a ɗakin da ba taga."

Baba Yohana ya miƙe da sandarsa a ɗage, ya yi taku ɗaya zuwa gare ta, sai ya tsaya, ya koma ya zauna a kan benci. Bitrus ya sake rigata, ya fita, mutane suka buɗa masa hanya. Malam Tanko ya rufe fuska da babbar rigarsa. Mai unguwa ya ce a yi addu'a, kowa ta addininsa, a tashi. Bai ambaci sunan kowa a matsayin mai laifi ba, kuma babu wanda ya fita daga zauren nan da gamsuwa.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. An wanke ni a gaban jama'a, amma masu aski suka koma kai aikinsu Nyanya, yara suna kirana Mai Hayaƙi. Injinan da aka watsar a kwata ni na gyara wa masu su da guminna. Na koma yawo a ƙafa da jakar kayan aiki, gida-gida, har Orozo, kafin na sake kafa wannan rumfar. Tun daga lokacin, in na gyara inji sai na bi mai shi gida na ga inda yake ajiye shi. Wasu suna jin haushi. Ku ma in kun koya, za ku bi su.

Gonar da aka yi rigima a kanta tana nan ciyawa ta cinye, maganar tana kotu. Bitrus ya bar gari. Mama Saratu ta rufe shago ta koma gidan ƙaninta a Orozo, wasu sun ce korarta aka yi, wasu sun ce ita ta tafi. Har yau in kun zauna wurin mai shayi aka tayar da zancen, za ku ji an rabu: masu cewa Bitrus, masu cewa iyayen maza, masu cewa uwar, masu cewa yaran ne da taurin kai, da masu nuna rumfata da baki.

Aiki na ƙarshe da na yi a kan jan injin, bayan damina ne. 'Yan sanda sun rufe maganar sun mayar wa mai shi kayanta. Da safe na ga Mama Saratu ta taho da shi a cikin kwano a ka. Ta rame. Na taimaka mata ta sauke, na ba ta benci.

Na ce, "Mama, sayarwa za a yi?"

Ta ce, "A'a. Ka kwance shi. Duka. Ina so in gani."

Na shimfiɗa buhu na fara. Na cire tanki, na cire kabureta, na cire filogi, na zare fistin, ina jera su a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗauke ido ba. Da na gama ta ce, "Ta ina yake fitowa?"

Na kwance salansar, na juya mata gangar jikin injin, na nuna mata ramin da hayaƙi ke fita. Ta sunkuya ta sa ɗan yatsanta a ciki. Ya fito da baƙi.

Ta ce, "Ɗan wannan ramin?"

Na ce, "Shi ne, Mama."

Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta goge shi a zaninta, ta ce in ba 'yan gwangwan ƙarafan, kada in sa ko ƙusa ɗaya a injin wani. Ta ɗauki kwanonta, wayam, ta bi hanyar Orozo a ƙafa.